Garin Ƙuli a Miyar Mahaƙin Rijiya

Tunda kai ma kana cikin masu cewa ƙin cin wani abinci tsirfa ce, zauna ka ji. An yi wani mahaƙin rijiya, ƙaƙƙarfan mutum, wanda jininsa bai haɗu da gyaɗa ba tun yana goye. Ko warinta a cokali ya isa ya tayar masa da borin jini, ya kumbura masa leɓe. Saboda haka bai taɓa sayen tsire a tasha ba, ba ya taɓa yajin da bai ga dakansa ba, kuma duk inda aiki ya kai shi da gorar furarsa yake tafiya. An yi masa dariya har an gaji. Shi dai ya gwammace dariyar mutane da kukan iyalinsa. Wata bazara, da rijiyoyi suka ƙafe har mata na kwasar taɓo da guga, wani babban manomin gyaɗa ya kira shi ya haƙa masa sabuwa a ƙofar gida. Ranar farko mahaƙin ya faɗa masa lalurarsa, a natse, ba ɓoye-ɓoye. Manomin ya yi murmushi, amma abin ya tsaya masa a rai. Da gyaɗa ya gina gidan nan, da ita ya aurar da 'ya'yansa, sai yau wani zai tsaya a ƙofarsa ya kira ta guba? Ya ƙudura a ransa sai ya warkar da shi daga wannan iyayi.

Rannan rana ta buɗe kamar za ta fasa dutse. Mahaƙin ya fito daga rami tsakar rana da yunwa, ya tarar zafi ya lalata furarsa, ta yi kumfa ta yi tsamin da ba ta shawuwa. Sai ga manomin da kansa ɗauke da tuwo da miyar kuka. Ashe a soro ya tsaya, inda ba mai ganinsa, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli a miyar, ya juya da yatsa. Mahaƙin ya dubi kwanon, ya ji nauyin tambayar, amma ya yi ta: "Maigida, babu gyaɗa a ciki ko?" Manomin, dattijo guda da furfurarsa, ya dube shi ido cikin ido ya ce babu. Ya ci, ya yi godiya, ya ɗaura igiya a ƙugu ya koma ƙasa. Ramin ya yi zurfin da in ka ɗaga kai sararin sama bai fi faifai ba. Bai daɗe da ɗaukar diga ba ya ji leɓɓansa na ƙaiƙayi, harshensa ya cika masa baki, maƙogwaronsa na tsukewa kamar ana ɗaure bakin buhu. Nan take ya san abin da aka yi masa. Ya buɗe baki zai yi kira, murya ta ƙi fita. Da ragowar ƙarfinsa ya yi ta fizgar igiya, har abokin aikinsa da ke jan ƙasa a sama ya leƙo, ya kira mutane suka jawo shi, fuska ta kumbura har ba a ganin idanunsa. Wani ya ce a ɗura masa nono, wani ya ce a nemo mai tofi. Abokin bai saurari kowa ba, ya ɗora shi a babur, wani ya riƙe shi ta baya, sai asibiti. Allura aka yi masa kafin numfashinsa ya dawo, kuma likita ya ce da an tsaya neman nonon nan da gawa aka kawo.

Da yamma manomin ya je dubiya, yana murza hula a hannu. Abin da ya iya faɗa shi ne ɗan kaɗan ne fa, bai cika tafin hannu ba, kuma ai alheri ya nufa. Ka ji fa. Ran mutum ya ɗauka ya yi gwaji da shi don a tabbatar masa gyaɗarsa ba ta da aibu. Mahaƙin ya dube shi, ya ce da dasasshiyar murya, "Na tambaye ka." Bai sake komawa gidan ba. Labari ya zaga, duk mahaƙan yankin suka ƙi shiga ramin mutumin da ba a yarda da kwanonsa ba, iyalin manomin suka ƙare bazarar suna tafiya rafi da tulu a ka.

To, in mutum ya ce maka abinci kaza ba ya karɓarsa, ka yarda, ka kuma faɗa masa gaskiyar abin da ke cikin tukunyarka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.