Ƙofar Hagu

Da jarumar fim ɗin ta kama ƙofar dama, wata malamar jinya ta miƙe tsaye a tsakiyar sinima.

"Hagu! Ke, hagu!"

"Baiwar Allah, zauna mana," in ji wani daga baya.

Fim ɗin zane ne da aka ciro daga wasan kwamfutar da ta fi so, wanda mai wasa ke karanta labari yana zaɓa wa jaruma hanya. Ƙofar hagu kaɗai ke ceton ƙanen jarumar. Don wannan ƙarshen ta jawo mijinta, ko ya daina kiran abin "katun ɗin yara".

Ƙanen ya mutu a allo. Mijin ya share ƙwalla.

"Ranki ya daɗe, labarin nan ya yi."

"Ba shi ne labarin ba!"

A gida ta kunna wasan, ta kai shi gaban ƙofofin biyu, ta tura masa kwamfutar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya danna dama.

"To idan ya rayu, me za a yi wa kuka?"

Ta rufe kwamfutar a kan yatsansa.