Kwazazzabon Bayan Afarwat

Karo na tara ke nan Haji Subhan ya kife. Dusar ƙanƙara ta haɗiye shi har wuya, katakan zamiyar da ke ƙafarsa suka yi cirko-cirko a sama.

Hilal, mai koyar da zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya tsaya gefe bai miƙa hannu ba.

"Haji Subhan, sau nawa zan faɗa? Daina jingina baya, ba kujerar zaurenka ba ce. Haɗe ƙafafu. Sabuwar dusa ba a kokawa da ita, binta ake yi."

Tsohon ya taso yana furzar da ƙanƙara. Manomin tuffa ne daga garin Sopore, shekara sittin, tumbi a gaba. Ranar farko da kaskon garwashi ya zo a cikin riga, wai don sanyi, har masu jan baƙi a keken katako suka riƙe ciki. Masu koyar da zamiya a nan garin Gulmarg duk suka ƙi shi. Hilal kaɗai ya karɓa, kuma tun ranar bai yi masa magana mai daɗi ba, bai kalli idonsa ba.

Kowa ya san abin da ya kawo shi. Kwana ashirin da suka wuce dusa ta zafto a kwazazzabon bayan dutsen Afarwat, ta rufe ɗansa Uwais. Masu ceto sun haƙa kwana uku suka haƙura. Ƙafa ba ta zuwa wurin, sai da katakon zamiya. Tsohon so yake ya tsaya a kan ɗansa ya yi masa addu'a, ga guguwa ta taso, gobe za a rufe dutsen sai bazara.

Suka haura dutsen, iska na mari, sama da ƙasa sun zama fari ɗaya. A bakin kwazazzabon tsohon ya yunƙura zai ratsa gangaren, Hilal na ƙasa da shi.

"Tsaya nan!" Muryar Hilal ta tsage. "Ɗaya bayan ɗaya ake sauka! Kashe ni za ka yi?"

"Yi haƙuri, ɗana."

"Riƙe haƙurinka. Dubi yadda ka riƙe sandunanka ma, kamar mai korar awaki."

Suka gangara. Tsohon ya faɗi sau biyu. A na uku bai faɗi ba. Dusar ta ɗaga shi, ta sauke shi, a hankali kamar ƙirjin mai barci. Hilal ya gani, ya yi tsaki.

Da suka tsaya numfashi, Haji Subhan ya share gemunsa da ya daskare.

"Uwais wawan yaro ne," ya ce. "Kowa a gari haka yake faɗa, ni ma haka na faɗa wa uwarsa. Wa ke fita shi kaɗai a irin wannan rana? Shekara goma yana zamiya, hankalin kaza ma bai yi ba."

Hilal ya ci gaba da gangarawa. Ya wuce jajayen tutocin masu ceto ko waiwaye babu, ya karkata hagu, ya tsaya ƙarƙashin wani dutse inda dusar ke shimfiɗe lumui, ba alamar komai. Ya kafa sandarsa.

"Nan ne. Yi addu'arka mu tafi."

"Ai can ƙasa suka haƙa."

"Su suka sani. Na ce nan ne."

Tsohon ya durƙusa da katakansa, ya ɗaga hannuwa, dusa tana cika tafukan. Ya roƙa wa ɗansa gafara, ya roƙa masa gafarar wautarsa. Sannan ya roƙi Allah ya saka wa wannan saurayi mai kaifin baki da alheri.

Hilal bai ce amin ba. Sama yake kallo, daidai inda ya ratsa gangaren ranar don ya riga Uwais sauka, dusar ta yanke a ƙarƙashin katakansa, ta rufta kan Uwais da ke ƙasa.