Baƙo Mai Lamba Tara

Ana idar da sallar La'asar, zagin ya sake shigowa.

"wannan wasa aikin banzane wanda yayishi baida aikinyi"

Zulkiflu ya kifa wayar a kan teburin shagonsa na gyaran waya da ke Ƙofar Kibo. Kwana talatin da ɗaya ke nan a jere. Lokaci ɗaya, rubutu iri ɗaya, ba aya ba waƙafi, kamar da yatsa guda ake laluben haruffan. Mai shi ko suna bai sa ba, sai wanda wasan ke liƙa wa kowa: Baƙo 9.

Wasan Kutsen Ganuwa su biyu suka haɗa shi, shi da amininsa Suhail, shekara biyu suna fama da tsohuwar kwamfuta. Ɗan wasa zai tsara dabarar da zai kutsa cikin wani birni na na'urori, ƙofa bayan ƙofa, yayin da wata na'ura mai tunani da ake kira Mai Gadi ke koyon dabarunsa tana toshe masa hanya. Suhail ne ya ba Mai Gadi muryar kansa, har da halinsa. Ya kuma ɗora shi a kan allon ƙorafi, inda kowa ke ganin abin da kowa ya rubuta. Idan ka yabi wasan, "Na gode" kawai zai ce. Idan ka kushe, to ka taɓo shi. Zai yi dariya ya ce, "Haba Malam, tsaya ka ji," sannan ya shafe minti uku yana musu da kai.

Wata uku bayan fitowar wasan, mota ta buge Suhail a hanyar Kaduna, ya rasu. Ranar Zulkiflu da kansa ya kai wa mahaifin Suhail jakarsa da wayarsa.

Da ma wasan bai rasa masu suka ba. Wasu na cewa mataki na huɗu ba ya ciwuwa, wasu na cewa yana shanye caji, wani ya rubuta cewa Mai Gadi maguɗi yake yi. Waɗannan Zulkiflu yana iya haɗiye su, don aƙalla sun buga. Baƙo 9 kuwa, da Zulkiflu ya duba bayanansa, ko ƙofar farko bai taɓa buɗewa ba. Shigowa yake, ya wuce kai tsaye allon ƙorafi, ya danna tauraro ɗaya, ya yi zagi, ya saurari amsa har ƙarshenta, ya fita.

"ɓata lokaci"

"mai taurin kai baka jin magana"

"da ka koyi sana'a da yafi maka"

Abin ya zama abin dariya ga 'yan wasa. Suka shiga kwaikwayonsa, kowa na gasar wanda zai fi iya tunzura Mai Gadi. Taurari suka zame daga huɗu zuwa uku da ɗigo ɗaya. Ga shi wani kamfani da ke tattara wasannin Afirka ya rubuto cewa zai ɗauki Kutsen Ganuwa ƙarshen wata, da sunan Suhail a fuskar farko, muddin bai faɗo ƙasa da taurari uku ba.

Zulkiflu ya daina cin abincin kirki. Matarsa Umaima ta ce ya ƙyale mahassada, ya ce wannan ya wuce hassada, mutum ne ke bin mamaci har kabari yana tofa masa yawu. Ya bi sawun saƙonnin iya iyawarsa. Abin da ya samu ya ƙara ƙona masa rai: daga cikin birni suke fitowa, wajejen Ƙofar Jatau, unguwar su Suhail. Wato wanda ya san shi ne. Wataƙila ma yana cikin sahun jana'iza. Ya riƙa jero abokan makaranta a ransa, ɗaya bayan ɗaya, yana tuna wanda ya yi kuka da wanda bai yi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya gaji da nema. Ya toshe Baƙo 9 gaba ɗaya, yadda ko wata lamba ya canza, muddin wayar ce, rubutunsa ba zai isa ko'ina ba. Ya goge duk abin da ya taɓa rubutawa. Nan take taurari suka ɗaga. La'asar ta yi, ta wuce, allon shiru. Zulkiflu ya sayi tsire ya ci a tsaye.

Daga nan ya hau babur zuwa Ƙofar Jatau, gaisuwar da ya saba kai wa Malam Nasrullahi, mahaifin Suhail, duk Juma'a. Bai taɓa yi masa zancen wasan ba. Dattijon maɗinkin manyan riguna ne, kuma duk unguwa ta san yadda suke kwashewa da ɗansa a kan zaman kwamfuta, kullum bayan La'asar idan Suhail ya dawo gida. Amma yau ya ƙudura zai faɗa masa cewa sunan ɗansa zai fita duniya, kuma ya rufe bakin wanda ke ci masa mutunci.

Ya yi sallama ya shiga zaure. Rigar da Malam ke yi wa aiki tana yashe a tabarma, allura a soke, zare na reto. Dattijon ya ɗago, tabarau a karan hanci, ya miƙo masa wata waya mai tsagaggen gilashi da Zulkiflu ya gane tun kafin ta iso hannunsa.

"Yawwa, gara da ka zo, kai ka san kan abin nan," in ji shi. "Duba mini. Tun La'asar nake yi masa faɗa, yau ya ƙi ya amsa mini."