Damisar da Matar Baduku Ba Ta Gani Ba

Ke da kike kukan mijinki ba ya faɗa miki abin da ke ransa, matso ki ji wannan.

An yi wani baduku da matarsa mai sayar da man gyaɗa, mace mai tsayayyen ciniki, wadda in ta yanka kuɗin kwalba ko limamin unguwa sai dai ya biya ko ya wuce. Sun tsufa tare, sun aurar da 'ya'ya, amma irin auren da ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta ƙare wa fuskarsa kallo ba. Ko tuwo za ta ajiye masa, idonta na kan kwano. Da ciwo ya kama shi a maƙogwaro, ya ce a bar wa Allah. Ta ce ai Allah ne ya ce a nemi magani. Ta sayar da shanunta, ta ja shi har ƙasar Indiya. Likitoci suka yi aiki, muryarsa ta tafi tare da abin da suka cire, daga baya suka ce ta mai da shi gida ya huta cikin danginsa. Ta gane nufinsu. Tun ranar abu ɗaya ke cin ta: ta raba mutum da rumfarsa, ta raba shi da muryarsa, ta kawo shi inda ko gaisuwar mutane ba ya ji. Ya yafe mata, ko yana riƙe da ita? In ta tambaya, sai ya ɗaga tafin hannu sama, wato alhamdu lillahi. To wannan ai amsar kowa ce.

A bangon ɗakinsu na asibiti akwai hoton damisar ƙasar, ba mai ɗigo-ɗigo irin tamu ba, ƙatuwa ce ja mai baƙin ratsi. Kullum idonsa na kai. A ƙuruciyarsa ya sha ɗinka fatar damisa da maharba ke kawowa, amma bai taɓa ganin mai fatar tana numfashi ba. Sai matar ta sa mai yi musu tafinta ya kai su gandun dajin da ake tsaron waɗannan dabbobi. A bakin ƙofa ta tsare direban motar shiga daji, ta ce ba biya sai an ga kaya. Direba ya yi dariya, tafinta ya juya mata maganarsa: "Mama, nan daji ne, ba shago ba. Wani sai ya yi ta zuwa bai gan ta ba." Ta ce, "Faɗa masa ni ban taɓa dawowa daga kasuwa hannu rabbana ba."

Suka shiga da sanyin safiya a buɗaɗɗiyar mota, ita da shi kujera ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, abin da a gida ko da wasa ba za su yi a gaban mutane ba. Aka ce kowa ya yi shiru. Wannan ya fi komai yi mata wuya. Suka wuce bareyi masu ɗigon fari, suka wuce ɗawisu yana jan wutsiya, suka ga sawun damisa a kan laka, faɗin bakin ƙwarya ƙarama. Rana ta ɗaga, babu damisa. Tana ta harare-hararen ciyawa kamar mai bin ta bashi. Can iska ta zame masa mayafin da ke rufe da inda aka yi masa aiki a wuya, ta juya ta ba daji baya tana gyara masa. Daidai nan birai suka ɗau kuka a kan itatuwa, wata barewa ta yi ƙara, direba ya kashe mota. Ta ji busasshen ganye yana karyewa a bayanta, a hankali, taku mai nauyi.

Za ta waiwaya ke nan sai idonta ya faɗa kan fuskarsa. Mutumin da ya yi watanni kamar an shafa masa toka, ga shi ido ya buɗe, baki ya saki, yana murmushi har giɓinsa ya fito, irin murmushin saurayin da ya taɓa tsayawa a zauren babanta da takalmin da ya ɗinka mata a hannu. Yatsunsa suka sami bayan hannunta suna shafawa, yadda yake shafa fata mai kyau in an kawo masa. Ya matsa mata hannu, wai ta juya ta ga damisar. Ta ƙi. Sai ya ɗauke ido daga dajin ya dube ta, da wannan fuskar dai, ya daɗe, ya gyaɗa kai. Kafin ta juya, ciyawa ta rufe.

Ta biya direba ba ta nemi ragi ba. Suka dawo gida, da damina Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki wata ta ce mata, "Ke kuwa, kin je har can, an ce kowa ya gani ban da ke?" Ta ce, "Shi ya je ganin damisa. Abin da ni na je nema na samo shi."

Saboda haka ki rage tambaya, 'yar nan, ki ɗaga ido daga kan kwano tun yana gabanki. Masu magana ba su yi ƙarya ba da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.