Ƙibar Hadijatu

Da aka yaye Hadijatu, an kai ta Dutsi wurin kakarta, kamar yadda aka saba, don ta zauna can har ta manta da nono. Kwananta huɗu kacal, ubanta Munzali ya hau babur daga Daura ya je ganinta. Ya same ta zaune a tabarma, baki duk kunun gyaɗa, hannu cikin kwanon wake. Nan take ransa ya ɓaci.

Munzali tela ne a bakin kasuwa, mutum mai yawan duba waya. A wayar ya karanta cewa shinkafa da alkama na cikin abincin da mutanen duniya suka fi ci. Wannan gaskiya ne. Amma shi abin da ya fahimta shi ne gero da wake da kuka cimar waɗanda aka bari a baya ce, kuma 'yarsa ba za ta tashi a kanta ba.

Ya faɗa wa mahaifiyarsa haka, kansa a sunkuye. Inna Murjanatu ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai da ka yi wannan ƙaton wuyan, da me ka yi shi? Da taliya?"

"Inna, zamani ya canza."

"Cikin yaro bai canza ba."

Da la'asar ya ɗauke yarinyar.

A gida ya shimfiɗa wa matarsa Madina doka. Da safe taliyar leda, da rana farar shinkafa da mai, tsakani kuma biskit da lemon kwalba. Madina ta ce ko wake kaɗan a riƙa zubawa. Ya ce wake kumbura ciki yake yi. Ta ce to madara ko ƙwai fa? Ya ce ai yarinya tana ƙoshi, me kuma ake nema? Ta yi ƙorafi kwana biyu ta haƙura, musamman da maƙwabta suka fara kiran Hadijatu 'yar gayu.

Bayan 'yan watanni kumatun yarinyar suka ciko. Ƙafafunta suka yi tulu-tulu, har takalmi ya daina shiga. Munzali ya ɗauki hotonta ya riƙa nuna wa abokansa a shago.

Ku duba fa, jama'a. Gashin yarinya ya yi ja ya fara zuba, aka ce gashin Larabawa ne. Ta daina wasa, ta zauna wuri ɗaya kamar an dasa ta, aka ce natsuwa ce. Fatar cinyarta ta fara saɓulewa, aka ce zafi ne, a shafa hoda. Gida cike da manya, unguwa cike da masu takardar makaranta, amma babu wanda ya ce a kai ta a duba. Kowa ya ɗaga ta sai ya ce tubarkalla, ya ajiye.

Wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Asma'u ce ta shigo gidan ranar rigakafi. Tana ganin yarinyar ta ajiye jakarta, ta danna mata babban yatsa a bayan ƙafa, ta ɗan jira, ta ɗauke. Ramin yatsan ya tsaya yadda yake. Ta ce a kira maigidan.

"Malam, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. Tamowa ce ta kama ta. Ku kai ta asibiti yau."

"Tamowa? Yarinyar da take cin shinkafa kullum?"

"Shinkafar da me?"

Asma'u ta yi masa bayani cewa ciki yana cika jiki kuma yana yunwa, cewa yaron da aka yaye yana bukatar abin gina jiki, wake ko gyaɗa ko ƙwai ko nono, da ganye. Ta ce mutanen da yake gani a waya ba gayan shinkafa suke ci ba.

Ya ce ya ji. Tana fita ya ce wa Madina ma'aikatan nan sun iya tsorata mutane. Salla saura kwana takwas, ɗinki ya taru masa, a bari ya sauke nauyin mutane tukuna. Madina ta yi kuka, ta roƙe shi. Ya ce bayan salla.

Saura kwana uku salla gudawa ta kama Hadijatu. Jikin da aka yi wata da watanni ana yabo bai da abin da zai yi yaƙi da shi. Aka garzaya asibiti, aka kwantar da ita. Likita ya tambayi yaushe aka fara ganin kumburin, Madina ta faɗa, ya ci gaba da rubutu. Ranar hawan idi da hantsi, mutane na komawa gida cikin kayan da Munzali ya ɗinka, Hadijatu ta cika.

A wurin gaisuwa kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne. Amma bakin da ya iya faɗin wannan, me ya hana shi magana tun yarinyar tana numfashi?

Iyaye, cika ciki daban, gina jiki daban. Kada kunyar abincin gida ta sa ku hana yaro wake da gyaɗa da nono, kuma in kun ga kumburi a ƙafarsa, ku kai shi asibiti a ranar, ba bayan salla ba.