Kwaɗon Ɗakin Baya

Kwano na ƙarshe kullum na mutumin bakin famfo ne, kuma Hellen ce ke kai masa, don sauran matasan majami'a sun ce ba ya godiya.

Da gaskiyarsu. Duk Asabar, in sun gama sharar majami'a, sukan ɗauki tuwon acca da miyar karkashi zuwa tsohuwar rumfar kaya da ke bayan tashar jirgin Kafanchan, inda marasa wurin kwana ke shimfiɗa kwali. Wasu su sa albarka har ta kai jikoki, wasu su yi ƙorafin gishiri. Shi dai, mai zama bakin famfon rumfar, ya karɓa da hannu biyu, ya ci, ya wanke kwanon tas, ya miƙo. An ce jirgin Kudu ne ya sauke shi bayan yaƙin basasa, bai sake hawa wani ba. Dukiyarsa bargo ɗaya ce, sai wani baƙin zare a wuya da ke shigewa cikin riga. Laya ce, in ji ƙawarta Clara, wadda ba a taɓa kama ta babu bayani ba.

Rashin godiyar bai dami Hellen ba. Ita ma ba tausayi ne ya kawo ta aikin ba, matar Fasto ce ta nuna ta da yatsa. Tun rasuwar mamarta komai ya zame mata ɗaya, waƙa da kuka, yabo da faɗa. Shirun mutumin sai ya yi mata daidai. Su zauna, shi yana kallon rufin gidajen unguwar su Hellen a ƙetaren layin dogo, ita tana kallon ƙafarta. Sau ɗaya ya taɓa yi mata tambaya, wai ko gwabar gidansu ta yi 'ya'ya bana. Ta ce ta yi. Ba ta tuna ta taɓa ba shi labarin gwaba ba, amma gida nawa ne babu gwaba a Kafanchan?

Babanta, Malam Silvanus, malamin firamare ne kuma dattijon majami'a. Ranar da ta kwatanta masa mutumin, ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya tambaya ko ya faɗi sunansa. Ta ce a'a. Daga makon nan tsokar nama ta fara bayyana a kwano na ƙarshe, maƙwabta suna cewa kirki dai sai Malam. Kekensa kuwa ya daina bin hanyar tasha, wai ramuka sun yi yawa.

Da damina ta matso, aka zo da sanarwa za a rushe rumfar. Matasa suka bazama neman ɗakuna. A'i mai ƙosai ta ɗauki tsohuwa ɗaya, wani mahauci ya ba da zaurensa, majami'a ta buɗe sito. Kowa ya samu inda zai raɓa ban da mutumin bakin famfo, ga shi tari ya kama shi, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. In ruwa ya same shi a waje haka, ba zai ga kaka ba. Hellen ba ta buƙatar likita ya gaya mata, ta taɓa jin irin tarin nan a ɗakin mamarta.

Alhali akwai ɗaki a gidansu. Ɗakin baya, gindin gwabar, da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Tun da suka tare a gidan tana 'yar firamare, shekarar da gari ya rikice 'yan Kudu suka gudu, gab da yaƙi, ba ta taɓa ganin sa a buɗe ba. An ce musu makullin ya ɓace, kuma duk yaron da ya yi wasa a wajen sai ya sha bulala.

Ta roƙi baban. Malam Silvanus, wanda in ya yi wa'azin karɓar baƙi sai matan zumuntar majami'a sun share hawaye, ya ce ɗakin ba na kwana ba ne. Ta tambayi abin da ke ciki, ya ce ajiya ce. Ta ce ta wa? Ya tashi ya ɗauki kekensa.

Ba ta yi fushi ba, ta jima ba ta iya fushi. Ta jira ranar da ya tafi taron dattawa a Kagoma. Da hantsi, hadari yana haɗuwa, ta je tasha ta ce wa mutumin ya taso, ta samo masa ɗaki. Bai tambayi ina ba. Ya naɗe bargonsa.

A hanya ta lura shi ne a gaba, ta ɗauka gudun ruwa yake. A ƙofar gida ya sunkuyar da kai daidai inda dogayen baƙi ke buga goshi.

Ta ɗauko dutsen guga saboda nauyinsa. Ta san abin da zai biyo baya in baban ya dawo, ta duba zuciyarta ko akwai tsoro, ba ta sami komai ba. Ta ɗaga dutsen saitin kwaɗon.

"Kar ka fasa, yarinya," in ji mutumin, da irin Hausar 'yan Kudu. "Kwaɗo mai kyau ne."

Ya sa hannu a wuyan riga ya jawo baƙin zaren. Ba laya ba ce, makulli ne. Kwaɗon ya yi gardamar tsatsa, ya yi, sannan ya saki. Hellen ta tura ƙofar, ƙofar ta ƙi motsi. Yayyafi ya fara sauka a kan ganyen gwabar.

"Ɗaga shi sama kaɗan," ya ce, da muryar da ya yi tambayar gwabar nan da ita. "Tun da na gina gidan nan haka yake cijewa."