Kujerar Gefe

Ranar Talata komai ya canza, wajen gwajin mota.

Ƙaramar mota mai gudu yake so, ga ta iri biyu: mai taurin ƙafa irin tsohuwar motarsa, da mai laushi.

"Mai taurin," ya ce wa dillalin. "Laushi aikin katifa ne."

"To Baba, koma gefe in ja, ka ji tashinta."

Bai taɓa zama a kujerar gefe ba. A ramin farko ya ciji harshe, a na biyu ƙugunsa ya amsa.

"Ko mai laushin?" in ji dillalin. "Mama za ta sa maka albarka."

Shekara talatin matarsa tana cewa motar ce ke jijjiga ta, yana cewa hanyar ce. Bara aka binne ta.

Mai laushin ya ɗauka. Sai dai babu kowa a gefensa, balle ya ce mata, "Ashe motar ce."